Karatu da Tsinkaye: Tarihin Koyar da Gano Abin da Marubuci Bai Faɗa Ba

Tun kafin zuwan boko, Hausawa sun san cewa mai magana ba ya faɗin dukkan abin da yake nufi. Yaron da aka yi wa kacici-kacici da dare alamu kawai ake ba shi, shi ne zai haɗa su ya gano abin da aka ɓoye. Haka kuma a makarantun ilimi, ɗalibin fiƙihu yakan koyi ƙiyasi, wato fitar da hukuncin abin da nassi bai ambata ba daga hukuncin abin da ya ambata.

Sa'ad da Hans Vischer, wanda ake kira Ɗan Hausa, ya buɗe makarantarsa a Nasarawa ta Kano a 1909, babbar buƙatar Turawa ita ce samun ma'aikatan En'e masu iya haɗa baƙi da riƙe littafin haraji. Saboda haka aka fi ba da ƙarfi ga karanta abin da ke kan takarda. A 1917 kuwa, masanin Amurka Edward Thorndike ya gwada yara da gajerun rubuce-rubuce, ya nuna cewa yaro yana iya furta kowace kalma daidai amma ya kasa amsa tambaya a kanta, domin fahimtar karatu aikin tunani ne.

A ƙasar Hausa, littattafan da suka fito daga Hukumar Talifi ta Zariya ƙarƙashin Rupert East su ne suka buɗe wannan ƙofa. Magana Jari Ce na Abubakar Imam, wanda ya fara fitowa a 1937 domin 'yan makaranta, misali ne babba. Aku yana ba Musa labarai ne don ya hana shi fita, kuma wanda bai riƙe makircin Waziri a zuci ba, tatsuniyoyi kawai zai gani a jere.

Shirin ilimin firamare kyauta na 1976 ya cika azuzuwa fiye da ƙarfin malamai, aka koma ga hadda da tambayoyin "wa" da "ina", waɗanda amsarsu ke fili. Tambayar da ke horar da hankali ita ce "don me", sa'an nan a ce wa ɗalibi ya nuna hujjarsa daga cikin rubutun. Wanda bai sami wannan horo ba, in ya zama ma'aikaci, zai karanta takardar umarni ya bi haruffanta, ya saɓa wa manufarta.