Silima Ba Hoto: Daga Berlin Zuwa Landan

Duk wanda ya biya kuɗi ya shiga gidan silima, kallo ne ya kai shi. Amma a tarihin wannan sana'a an yi waɗansu mutane da suka hana 'yan kallo hoto, suka ba su murya da ƙara kaɗai, suka bar wa kowa ya zana abin da zai gani a cikin zuciyarsa.

Cikin waɗanda suka fara gwada haka akwai wani Bajamushe, Walter Ruttmann. A shekarar 1927 ya yi suna da wani fim a kan birnin Berlin, hoto zalla, ba magana. Da fasahar ɗaukar sauti ta samu sai ya juya al'amarin. A 1930 ya fito da "Wochenende", watau ƙarshen mako, mai tsawon minti 11 ko kusa da haka. A kan zaren fim ya ɗauke shi, ya yanyanka ya harhaɗa yadda ake yi wa hotuna, amma babu hoto ko ɗaya. Ana jin ƙarar injuna ran Asabar, a tashi daga aiki, jirgi ya fita bayan gari, ga cara, ga ƙararrawar coci, har agogo ya ta da ma'aikata ran Litinin. Ta gidan rediyo mutanen Berlin suka ji shi. Abin takaici, daga baya Ruttmann ya sa gwanintarsa cikin farfagandar 'yan Nazi, ya kuma mutu a 1941.

Na biyun da gangan ya tsokani jama'a. A watan Yuni na 1952 wani saurayi Bafaranshe mai shekara 20, Guy Debord, ya nuna fim ɗinsa na farko a birnin Paris. In ana magana allo ya yi fari fat, in an yi shiru ya koma baƙi ƙirin, kuma minti 24 na ƙarshe duhu ne da shiru. Ba a ma kai can ba a daren farko, don 'yan kallo sun fusata, aka tsayar da shi. Debord yana ganin hoto ya mai da mutane 'yan zaman kallo kawai. Sai dai a gaskiya wanda aka bari cikin duhu ba a ba shi abin da zai kama ba, ba zane yake yi a zuciya ba, ƙofa yake nema.

Wanda ya nuna iyakar abin da wannan hanya za ta iya yi shi ne Derek Jarman, mutumin Ingila, kuma shi larura ce ta kai shi. A ƙarshen 1986 likitoci suka gaya masa yana ɗauke da ƙwayar cuta mai karya garkuwar jiki. Sannu a hankali ciwon ya kama idanunsa, ganinsa ya yi ta raguwa. Mai yin fim da ke makancewa, me ya rage masa? A 1993 ya gama "Blue", wato shuɗi. Fiye da sa'a ɗaya da kwata allon bai sauya ba: shuɗi ɗaya tak, irin wanda mai zanen nan na Faransa, Yves Klein, ya shahara da shi. A kan wannan launi ake jin muryar Jarman da ta abokan aikinsa uku, har da Tilda Swinton, tare da kiɗan Simon Fisher Turner. Ana ba da labarin zaman jira a asibiti, da ƙarin ruwan magani a jijiya, da dogon jerin illolin maganin, da sunayen abokansa da cutar ta riga ta ɗauke, da yaƙin Bosniya da ake yi a lokacin.

Da ya nuna gadon asibiti da ramammen jiki, da ɗan kallo ya ji tausayi ya kau da kai. Da ya hana shi hoton, sai ya zaunar da shi inda shi kansa yake zaune, yana ji ba ya gani. Kowa kuwa da fuskar majinyacin da ya taɓa jinya yake cike gurbin.

A watan Satumba na 1993 tashar telebijin ta Channel 4 da gidan rediyon BBC na uku suka watsa "Blue" a lokaci guda, ɗaya da allon, ɗaya da sautin. Jarman ya mutu ran 19 ga Fabrairu, 1994, yana da shekara 52.