Daga Telen Dandali Zuwa Tele Mai Neman Izini

A zamanin mulkin Seyni Kountché, abin da ke hana mutumin yankin Arewa na Nijar kallon tele a fili yake: babu wuta, babu kuɗi, tasha kuma ɗaya tal. Nijar ta fara talabijin tun 1964 da shirin koyar da 'yan makaranta da Faransa ta tallafa, amma sai 1979 Télé Sahel ta soma watsa wa kowa. Gwamnati ta kai akwatunan kallon jama'a garuruwa, wasu da fano da batir, ana fito da su dandali bayan magariba. Maɓallin kunnawa, na ƙara murya, shi ke nan. Wanda aka damƙa wa makullin akwatin kuwa ya fi wani mai unguwar faɗa a ji.

Sai kaset da fina-finan Kano suka tsallako ta iyakar Kabi, faifai ya biyo, parabol da dekodar Strong suka hau rufin gidaje daga Dogon Dutsi da Matankari har Tibiri. Telen wancan lokaci ba ta gardama. Ka soka wayoyin nan uku, ja da fari da rawaya, ta nuna abin da ka ba ta. In ta lalace, mai gyara ya sauya ƙarfe ɗaya.

Da tele mai intanet ta iso, shingen da ke hana kallo ya koma cikin akwatin, kuma mai ƙerawa ne ya gina shi. Mutum ya kai kile wurin masu tura fim a bakin tasha, a cika masa, ya dawo gida ya soka: ga hoto tar, murya babu. Zai zagi yaron shago, alhali yaron bai yi komai ba. Fim ɗin da tsarin sautin DTS ya zo, Samsung kuwa ta cire shi daga telenta tun samfurin 2018, LG ma ta yi haka a 2020 kafin ta maido da shi a wasu na 2023. Injin bai gaza ba, lasisi ne aka ƙi biya. Ramukan wayoyin nan uku ma sun ɓace a sababbi da yawa. Wata tele kuma ba za ta ba ka manhaja ba sai ka buɗe asusu da imel, a garin da data ke tafiya da kuɗin cefane.

Ikon ya wuce nan. A Disamba 2019 Netflix ta daina aiki a wasu telen Samsung na 2010 da 2011 masu lafiya ƙalau. A 2021, bayan an wawashe rumbunta a KwaZulu-Natal ta Afirka ta Kudu, Samsung ta sanar cewa tana iya kashe tele daga nesa da lambarta, da zarar ta hau intanet. Ɓarayi aka nufa, gaskiya ne, amma mai sayen ta-hannu a kasuwar iyaka ina zai san tarihinta?

Kamfanoni na cewa sauƙi suke nema wa mai kallo. A ganina sauƙin na mai katin banki ne da intanet marar yankewa. Arewa kuwa ta ga yadda wuta kanta ta zama abin nema lokacin da Najeriya ta yanke wa Nijar layin wutar Kainji a Agusta 2023.

Shi ya sa da yawa ba sa haɗa telen da intanet sam, sai su jona mata dekoda ko ƙaramin akwatin Android. In allon cikinta ya ƙone, masu gyara su sa mata allon China gama-gari, mai karanta kusan duk abin da ke kan kile, su haɗa wa mai ita da sabon telekomand.