Wariyar launin fata a aikin 'yan sanda: yadda finafinan Amurka ke nuna ta

Fiye da shekara hamsin ke nan masu shirya fim a Amurka na nuna yadda 'yan sanda ke ɗaukar baƙar fata a matsayin mai laifi tun kafin bincike.

A "In the Heat of the Night" na 1967, Sidney Poitier ya fito a matsayin jami'in bincike daga Filadelfiya, wanda aka kama a tashar jirgin ƙasa a jihar Misisifi bisa zargin kisan kai, don kawai baƙi ne mai kuɗi a aljihu. A "Do the Right Thing" na Spike Lee (1989) kuwa, 'yan sanda sun shaƙe wani saurayi har lahira a gaban jama'ar unguwa.

Daga baya aka ƙara karkata ga labaran da suka faru da gaske. "Fruitvale Station" (2013) ya bi diddigin ranar ƙarshe ta Oscar Grant, ɗan shekara 22, wanda ɗan sanda ya harbe a Okland ranar 1 ga Janairu, 2009. An nuna shi tare da mahaifiyarsa da 'yarsa, domin mai kallo ya san wanda aka rasa. Jami'in ya yi wata 11 a kurkuku.

"Detroit" (2017) ya kai batun kotu: an kashe samari uku a wani masauki a 1967, masu taimaka wa alƙali, dukkansu farar fata, suka wanke 'yan sandan.