Uwa ɗaya, ɗiya biyu: tarihin ginin labarin Deewaar

Iyayenmu sun kalli fim ɗin Indiya a sinima, yayyenmu a gidajen bidiyo, mu kuma a waya, sau da yawa da fassarar Hausa a bisa. Saboda wannan sabo, akwai wani salon labari da muka ɗauka kamar haka nan ya faɗo daga sama: uwa ɗaya, ɗiya biyu maza, ɗaya ya zama ɗan sanda, ɗaya ya shiga harkar laifi, ƙarshenta ɗan'uwa ya ɗaga bindiga a kan ɗan'uwa. Alhali salon nan yana da tarihi, yana da waɗanda suka gina shi tubali bayan tubali. Fim ɗin da ya kai shi ƙololuwa shi ne Deewaar, wato Katanga, wanda ya fito a Janairun 1975. Yash Chopra ne ya ba da umarni, Salim Khan da Javed Akhtar suka rubuta, Amitabh Bachchan da Shashi Kapoor suka fito a matsayin wa da ƙane.

Kafin mu isa Bombay, bari mu ɗan ratsa ta Amurka. A 1934 aka soma aiki da dokar tace finafinai ta Hollywood da gaske, wadda ake kira da sunan Hays. Cikin sharuɗɗanta akwai cewa kada a nuna mai laifi ya ci riba, kada kuma a sa ɗan kallo ya goyi bayan laifi. To amma jama'a ƴan daba suke son gani, su ke kawo kuɗi. Dabarar da marubuta suka riƙe ita ce raba jarumi gida biyu. A Manhattan Melodrama na 1934, yara biyu marayu sun tashi tare, Clark Gable ya zama ɗan caca mai kisa, William Powell ya zama lauyan gwamnati da ya sa aka yanke masa hukuncin kisa. (Fim ɗin nan ne ɗan fashi John Dillinger ya gama kallo a Chicago a Yulin shekarar, yana fitowa aka harbe shi.) A Angels with Dirty Faces na 1938, ɗaya ɗan daba ne, ɗaya limamin coci. Ɗan kallo ya samu wanda zai so, hukumar tacewa ta samu wanda za ta yarda da shi. Ba ina cewa Indiyawa daga can suka kwaso ba. Matsalar ce iri ɗaya, don su ma suna da hukumar tacewa mai zafi, kuma matsala ɗaya takan haifi dabara ɗaya.

Jijiyar Deewaar ta gaskiya a gida take, kuma marubutan ba su ɓoye ba. Na farko Mother India na Mehboob Khan, 1957, wanda tsofaffinmu da yawa suka sani kamar yunwar cikinsu. Nargis ce Radha, matar ƙauye da bashin Sukhilala mai ba da rance da ruwa ya cinye gonarta. Miji ya tafi ya bar ta da yara. Ramu ya tashi mai haƙuri, Birju ya tashi da fushi har ya shiga daji ya zama ɗan fashi. Da ya sace ɗiyar Sukhilala, uwar da kanta ta harbe shi. Na biyu Gunga Jumna na 1961. A nan bindigar ta bar hannun uwa ta koma hannun ƙane: Gunga ya yi wahala ya sa Jumna a lakkwal, Jumna ya zama ɗan sanda, zaluncin mai ƙasa ya tura Gunga fashi, ƙanen ya harbe wan. Dilip Kumar da ƙanensa na jini Nasir Khan ne suka taka rawar. Abin da zai ja hankalin mai nazarin harshe shi ne Dilip Kumar, haifaffen Peshawar, ya yi rawar da karin Awadhi na ƙauyukan arewacin Indiya, a lokacin da aka saba jin jarumi yana magana da gogaggen Hindustani na birni.

Duka biyun labarin ƙauye ne: gona, bashi, doki, daji. Abin da Salim da Javed suka yi shi ne ɗauke gidan kacokan su dasa shi a tashar jiragen ruwa ta Bombay. Lokacin ma ya taimake su. Tsadar mai ta 1973 ta jefa Indiya cikin hauhawar farashi, matasa masu takardar shaida suna yawo ba aiki. A Mayun 1974 ma'aikatan jirgin ƙasa suka shiga babban yajin aiki ƙarƙashin George Fernandes, gwamnati ta murƙushe shi da kame. Watanni biyar bayan fitowar fim ɗin, ran 25 ga Yunin 1975, Indira Gandhi ta ƙaƙaba dokar ta-ɓaci. A gefe guda, an taƙaita shigo da zinariya a ƙasar da amarya ba ta cika amarya sai da zinariya, saboda haka fasa-ƙwaurinta ya zama hanyar arziki mafi sauri. Mu da muke zaune a bakin iyaka ba sai an yi mana bayanin yadda hani ke haifar da kasuwa ba. Ana yawan danganta Vijay da Haji Mastan, wanda ya soma da dako a tashar Bombay ya ƙare babban ɗan fasa-ƙwauri. Shi kuwa Bachchan, Zanjeer na 1973, daga alƙalamin mutanen nan biyu, ya riga ya ba shi fuskar saurayi mai fushi.

Yanzu ga ginin kansa. Fim ɗin ya buɗe da ƙarshensa: ana ba Ravi lambar yabo ta ƴan sanda, ya kira uwarsa Sumitra ta karɓa. Fuskarta ba ta mai murna ba ce. Daga nan aka koma baya. Ke nan tun minti na farko an gaya maka wanda zai rayu. Fim ɗin laifi yakan riƙe mutum da tambayar wa ya yi, ko za a kama shi. Wannan ya yar da tambayoyin nan, ya bar ka da guda: me aka biya kafin a samu lambar nan?

A karatuna, labarin a kan rubutu uku yake tsaye, kuma wannan ne ya sa ba ya kwance ko da an cire waƙoƙin. Rubutu na farko sa hannun uba ne. Anand Verma shugaban sandikar ma'aikata ne. Mai kamfani ya kama matarsa da ɗiyansa, ya ajiye masa takarda: ko ya sa hannu ya sayar da buƙatun ma'aikata, ko a kashe iyalinsa. Ya sa hannu. Ma'aikata suka yi masa duka, kunya ta kore shi daga gari, ya ƙare rayuwarsa yana bin jiragen ƙasa. Rubutu na biyu a fatar yaro aka yi shi. Mutanen gari suka kama Vijay, babban ɗan, suka zana masa a hannu, zanen da ba ya gogewa, cewa ubansa ɓarawo ne. A lura, Ravi ba a taɓa shi ba. Bambancin ƴan'uwan bai fito daga hali ko jini ba, ya fito daga wanda aka kama a hanya ran nan.

Uwar ta kwashe su zuwa Bombay. Tana ɗaukar bulo a wurin gini, suna kwana ƙarƙashin gada, Vijay yana goge takalma don Ravi ya yi karatu. A nan aka shuka ƙananan abubuwa da za a girbe daga baya. Wani mai kuɗi cikin mutanen Daavar ya jefa masa kuɗin gugar takalmi a ƙasa, yaron ya ƙi ɗauka sai an miƙa masa a hannu. Uwa da Ravi suna shiga ɗakin bauta, shi ya zauna a matakala ya ƙi shiga. Da ya girma ya zama ɗan dako, aka ba shi lambar aiki ta ƙarfe mai lamba 786. Wani tsoho Musulmi abokin aikinsa, Rahim, ya ce ya riƙe ta, akwai albarka a ciki. Adadin Bisimilla ne a lissafin abajada na mutanen gabas. (Masu yin ramzi a wajenmu lissafin Magrib suke bi, inda sin yake 300 a maimakon 60, don haka in ka lissafa da nasu 1026 za ka samu.) Lambar nan sau biyu tana tsayawa tsakaninsa da mutuwa.

Juyin farko ya zo ne lokacin da wani saurayi ɗan dako ya ƙi biyan kuɗin da ƴan daba ke karɓa duk mako, ya rasa ransa. Vijay ya ce shi ma ba zai biya ba. Bai jira su neme shi ba, ya je rumbun kayansu ya zauna yana jiransu, ya kulle ƙofa daga ciki, ya ba shugabansu makullin, ya ce zai ciro shi daga aljihunsa in ya gama. Wurin nan yara suka fi haddacewa, amma aikinsa a ginin labari shi ne ya nuna cewa abin kirkin da Vijay ya yi shi ne ya buɗe masa ƙofar laifi. Daavar ya ji labarin ƙarfin zuciyarsa, ya ɗauke shi ya tsare masa zinariya daga abokin gabarsa Samant. Ba a jima ba ya sayi benen da uwarsa ta ɗauki bulon gininsa.

In aka tambayi ƴan kallo wa ya sauya a fim ɗin, yawanci za su ce Vijay. Ni ban yarda ba. Riga ya sauya, daga shuɗiyar rigar dako zuwa kwat. Yaron da ya ƙi ɗaukar kuɗi a ƙasa shi ne mutumin da ya sayi bene, fushin guda ne, hujjar guda ce. Wanda aka lanƙwasa shi ne Ravi, kuma a zama ɗaya aka yi. Da aka ba shi binciken ƴan fasa-ƙwauri ya ga sunan wansa, ya ce a ba wani. Sai ya bi wani yaro da ya gudu da kayan sata, ya harbe shi a ƙafa, ya duba ya ga burodi ne. Ya ɗauki abinci ya kai gidansu. Uwar yaron ta zage shi tas. Uban, tsohon malamin lakkwal da talauci ya ci, A. K. Hangal ne ya fito a rawar, ya ce sata sata ce, ko ta kwabo ko ta dubbai. Ravi ya fita ya karɓi binciken. Ba wai ya gamsu doka adalci ce ba. Ya ga cewa in ya harbi ɗan talaka a kan burodi ya kuma kauda kai ga wansa mai zinariya, to shi ma ɗan daba ne mai kaki. Minti kaɗan ne, babu faɗa babu waƙa, amma duk rabin fim na biyu a kansa ya rataya. Masu rubuta gajerun labarai a cikinmu, da muke yawan sa ɗan sanda ya zama nagari don kawai ɗan sanda ne, ya kamata mu sake kallon wurin nan.

Sai rubutu na uku. Ravi ya kawo takardar amsa laifi gida, a gaban uwarsu, ya ce wansa ya sa hannu. Vijay ya ce zai sa, amma a fara kawo sa hannun wanda ya tilasta ubansu, da wanda ya wulaƙanta uwarsu a wurin gini, da wanda ya yi masa zanen nan. Uba ya sa hannu don ya ceci iyali, ya rasa su. Ɗa ya ƙi sa hannu, shi ma ya rasa su, don uwar ta tattara ta bi Ravi. Haɗuwar da suka yi daga baya ƙarƙashin gadar ƙuruciyarsu, inda Vijay ya lissafa benaye da mota da kuɗin banki, Ravi ya amsa da cewa shi yana da uwa, ta fi shahara nesa ba kusa ba. Amma hatimi ce kawai a kan hukuncin da aka riga aka yanke a tsakar ɗaki.

Fim ɗin yana da raunukansa. Soyayyar Ravi da budurwarsa, da waƙoƙin da aka rataya mata, cike gurbi ne. Anita kuwa, Parveen Babi, an soma ta da ƙarfi: mace mai shan taba da giya, mai zaman kanta, wadda fim bai tsaya yi mata wa'azi ba, abin da ba a saba gani ba a lokacin. Amma da ta ɗauki ciki, Vijay ya yi niyyar aurenta ya miƙa kansa, sai aka sa mutanen Samant suka kashe ta don a toshe wa jarumi hanyar dawowa. An halicci mutum, an mai da ita sakata.

Abin da ya rage girbi ne. An tsinci gawar uban a cikin jirgin ƙasa. Uwa ta kwanta ciwo, Vijay da ƴan sanda ke nema ba ya iya zuwa asibiti, sai ya hau matakalar da ya ƙi hawa tun yana yaro, ya shiga ɗakin bauta yana faɗa da abin bautar kamar mai bin bashi. Wannan ne kawai wurin da za a ce ya karye. Bayan kisan Anita ya jefo Samant daga saman bene. Uwa ta miƙa wa Ravi bindigarsa da hannunta, ta tafi ɗakin bauta jiran babban ɗanta, wato ta yi aikin Radha ta 1957 ba tare da ta ja kunama ba. Yana gudu lambar ta suɓuce ta faɗi, bai samu ɗaukarta ba, harsashin ƙanensa ya same shi, ya ƙarasa a cinyar uwarsa. Hukumar tacewa ta samu abin da take so, amma ba Ravi jama'a suka fito suna kwaikwayo ba.

Ginin ya yi tafiya. An sake shi da Telugu a 1976 da sunan Magaadu, da Tamil a 1981 da sunan Thee tare da Rajinikanth. A Hong Kong kamfanin Shaw Brothers ya yi The Brothers a 1979, inda lambar ɗan dakon ta koma 838, tunda 786 ba ta faɗa wa ɗan kallon can komai. A Indiya kuwa lambar ta manne wa Bachchan: a Coolie na 1983, fim ɗin da ya ji mummunan rauni wurin ɗaukarsa a 1982, ya sake fitowa ɗan dako, wannan karon a tashar jirgin ƙasa da sunan Iqbal, da 786 ɗaure a damtsensa.