Daga Babbaƙu zuwa Ba-Be-Bi-Bo-Bu: Tarihin Koya wa Ƙananan Yara Karatu ta Hanyar Sauti

1.0 Gabatarwa

Duk malamin da zai ɗora yaro ɗan shekara huɗu ko biyar a kan karatu, tilas ne ya yanke shawara a kan abu biyu tun ran farko. Na ɗaya, da me za a fara: da sunan harafi, ko da sautinsa, ko kuwa da cikakkiyar kalma? Na biyu, da wane harshe? Masana a Amurka da Ingila sun shafe fiye da shekara ɗari suna jayayya a kan tambaya ta farko. A ƙasar Hausa kuwa tun da daɗewa aka daidaita a kanta, tambaya ta biyu ce ta zama ƙarfen ƙafa. Wannan maƙala za ta bi sawun al'amarin, don a ga abin da malaman makarantun renon yara suka gada, da abin da ke neman kuɓuce musu.

2.0 Makarantar Allo

Ƙarnuka kafin zuwan Turawa, yaron Bahaushe yakan shiga makarantar allo tun yana ƙarami ƙwarai. Da farko da ka yake biya gajerun surori, malam na faɗa yana maimaitawa. Idan bakinsa ya faɗa, sai a rubuta masa babbaƙu, watau baƙaƙe tsirara ba tare da wasula ba.

Abin lura a nan shi ne yadda malamai suka raɗa wa baƙaƙen Larabci sunayen Hausa masu bayyana siffarsu. Akwai "an baki", mai kama da baki a buɗe, da "ɗa mai hannu", da "ha kuri", da "lam ara" da "lam jaye", da "min jaye". Da yake baƙin Larabci yana sauya kama gwargwadon inda ya faɗo a kalma, sai aka bai wa wasu kamannun suna dabam. Da haka yaro ke gane harafi da ido, ya kuma kira shi da kalmar da kunnensa ya saba da ita.

Daga babbaƙu sai farfaru. A nan ake sa wa baƙaƙen wasali bisa, da wasali ƙasa, da rufu'a, da ɗauri, yaro ya riƙa haɗa baƙi da wasalinsa yana fitar da gaɓa: ba, bi, bu. Sai ya ƙware a wannan sa'an nan ya shiga haɗa gaɓoɓi su zama kalma. Tsarin ke nan na tashi daga ƙarami zuwa babba, ba a tsallake mataki. Sai dai manufarsa ita ce gyara tilawa, fahimtar ma'ana kuwa sai daga baya, domin harshen da ke kan allon ba shi yaro ke magana da shi a gida ba.

3.0 Zuwan Boko

A shekarar 1909 Hanns Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya buɗe makarantar gwamnati a Nasarawa ta Kano, a 1912 kuma ya fitar da ƙa'idojin rubutun Hausa da baƙaƙen Romawa. An kafa Hukumar Fassara a 1929, wadda ta zama Hukumar Talifi a Zariya a ƙarƙashin Rupert East. A cikin shekarun 1930 ne aka karɓi baƙaƙe masu lanƙwasa, watau ɓ da ɗ da ƙ, kowane ɗaya na wakiltar sautin da Turanci ba shi da shi.

Rubutun da aka samu ya zo da wata fa'ida babba ga mai koyo: kusan kowane harafi sauti ɗaya yake wakilta, a ko'ina ya fito. Baƙin "c" na Hausa yadda yake a "ci" haka yake a "mace", alhali a Turanci wani lokaci "k" ne, wani lokaci "s". Har ila yau yawancin gaɓoɓin Hausa baƙi ne da wasali, wasu kuma su ƙare da baƙi. Saboda haka malaman elementare suka ɗauki hanyar da ta yi kama da farfaru: wasula biyar tukuna, sa'an nan ba, be, bi, bo, bu, sa'an nan "baba" da "babu". Littattafai irin su Ka Koyi Karatu da Ka Ƙara Karatu suka zama tsani zuwa ga Magana Jari Ce.

Amma rubutun bai rasa giɓi ba. Ba ya nuna tsawon wasali, ba ya nuna karin sauti. "Gari" na mutane da "gari" na tuwo rubutunsu ɗaya, haka "fari" na launi da "fari" na rashin ruwa. Ajami ya fi boko a wajen tsawon wasali, domin yana nuna shi. Yaron da Hausa ce harshensa yana cike giɓin da kansa daga ma'anar jimla. Wannan kuwa shaida ce cewa sanin sauti kaɗai bai wadatar ba, sai an haɗa da sanin harshen.

4.0 Jayayyar Turawa

Turanci yana da sautuka wajen 44, haruffansa kuwa 26 ne kawai, ga shi ƙa'idojin rubutunsa cike suke da togaciya. Wannan ne ya sa a cikin shekarun 1840 Horace Mann, sakataren hukumar ilimi ta jihar Massachusetts, ya soki fara karatu da haruffa, ya goyi bayan a nuna wa yaro cikakkiyar kalma ya gane ta da ido. Zuwa shekarun 1930 wannan hanya ta mamaye makarantun Amurka.

A Italiya, inda rubutu ke bin furuci kamar na Hausa, lamarin ya sha bamban. Maria Montessori ta buɗe gidan renon yara a Rum a 1907, ta yanka haruffa da takarda mai kaushi, yaro na shafa harafi da yatsa yana furta sautinsa. 'Yan shekara huɗu suka fara rubutu a hannunta.

A 1955 Rudolf Flesch ya wallafa littafin da ya ɗora alhakin gazawar yaran Amurka a kan hanyar cikakkiyar kalma. A 1967 Jeanne Chall ta Jami'ar Harvard ta tattara binciken shekaru masu yawa, ta nuna cewa fara koyar da dangantakar harafi da sauti ya fi amfani. Kwamitin da majalisar Amurka ta sa aka kafa ya ƙarfafa wannan ra'ayi a 2000. A Sikotilan an bi yara wajen 300 na gundumar Clackmannanshire har shekara bakwai, aka buga sakamakon a 2005. Rahoton Jim Rose na 2006 ya biyo baya, daga 2012 kuma Ingila ta fara gwada 'yan shekara shida da kalmomi 40, rabinsu ƙagaggu marasa ma'ana, don a tabbatar yaro haɗa sautuka yake yi, ba cinta ba. Wani bincike da aka buga a 2003, wanda ya kwatanta harsunan Turai, ya gano cewa yaran da rubutun harshensu ke bin furuci sukan iya karanta sauƙaƙan kalmomi cikin shekarar farko, masu Turanci kuwa sai sun ninka wannan lokaci ko fiye.

5.0 Makarantun Renon Yara a Nijeriya

Manufar Ilimi ta Ƙasa ta 1977 ta tanadi cewa a matakin share fagen firamare, daga shekara uku zuwa biyar, a koyar da harshen uwa ko harshen da jama'ar wurin ke magana da shi. Amma aka bar kafa makarantun a hannun masu zaman kansu, iyaye kuwa Turanci suke biya wa kuɗi. Sakamakon haka yaro ɗan shekara uku a Kano ko Gusau yakan fara da rera sunayen haruffan Turanci, "e, bi, si", sunayen da ba su ne sautukan da zai karanta da su ba, cikin harshen da bai ji ba.

Daga 2015 wasu shirye-shiryen haɗin gwiwa da hukumomin ƙasashen waje sun dawo da koyar da sauti da gaɓa cikin Hausa a azuzuwan farko na firamare, kamar wanda ya samar da littattafan Mu Karanta a jihohin Bauci da Sakkwato. A 2022 gwamnatin tarayya ta amince da koyarwa da harshen uwa a dukan shekarun firamare shida, a Nuwamba 2025 kuma Ministan Ilimi ya ba da sanarwar janye wannan manufa da komawa ga Turanci.

6.0 Kammalawa

Matsayar da Turawa suka cim ma bayan doguwar jayayya, watau a fara da sauti a bi mataki mataki, ita ce malamin allo da malamin elementare suka daɗe a kanta. Abin da malamin allo ya rasa shi ne harshen da yaro ke ji, malamin elementare kuwa ya sami hanyar da harshen a haɗe. Yaron da ya gane da Hausa cewa "b" da "a" suna ba da "ba" ya riga ya kama asirin rubutu, kuma da wannan sani zai tunkari Turanci. Ya rage ga kwalejojin horon malamai da sassan Hausa na jami'o'i su tanadi littattafan sauti da gaɓa na 'yan shekara huɗu da biyar, su kuma horar da waɗanda za su koyar da su.