Zakara Ɗaya, Cara Biyu

Zakaran da ke tashin mutane da asuba a ƙauyukan Meziko, da ɗan'uwansa da ke cara a tsallaken kogi cikin jihar Teksas ta Amurka, halitta ɗaya ce, maƙogwaro ɗaya, murya ɗaya. Amma ranar da yaro mai jin Sifaniyanci ya fara zama a ajin Turanci, sai a shaida masa cewa zakaran da ya tashi yana ji yana cewa "kikiriki" ashe "kok-a-dudul-du" yake faɗa, karen gidansu mai haushin "gwau-gwau" ya koma mai "wuf-wuf", ɗan tsako mai "piyo-piyo" kuma ya zama mai "cip-cip". Wannan al'amari da jama'a ke ɗauka wasan yara ne, haƙiƙa yana da tsohon asali, kuma manyan malamai sun yi bahasi a kansa.

Ibn Jinni, malamin nahawu da lugga wanda ya rasu a Bagadaza a shekara ta 1002, ya kawo a cikin littafinsa Al-Khasa'is ra'ayin wasu magabata da suka tafi a kan cewa asalin harsuna duka daga sautukan da kunne ke ji ne, kamar rugugin tsawa da kukan jaki da haniniyar doki, shi kansa kuwa bai ga aibun wannan magana ba. Bayansa Assa'alibi ya keɓe babi guda a cikin Fiƙhul Lugga domin sautuka, inda ya rarrabe sunan kukan kowace dabba. Da aka zo ƙarni na 19, Bajamushen nan Max Müller, a laccocin da ya gabatar a Landan a 1861, ya raina wannan ra'ayi har ya laƙaba masa suna da haushin kare.

Amma mayar da kukan dabbobi tsanin koyon baƙon harshe, wannan falalar malami Comenius ce, mutumin Morabiya, wanda a shekara ta 1658 ya fitar da littafin yara mai hotuna, Orbis Pictus, a birnin Nuremberg cikin Latinanci da Jamusanci. Ya buɗe littafin da haruffa, kowane harafi da hoton wata halitta da kukanta a gefe, hankaka ga harafin farko, tunkiya ga na biyu, domin ya lura cewa yaro, tun bai san alƙalami ba, ya riga ya haddace muryar abin da ke tsakar gidansu. Shekara guda bayan haka Charles Hoole ya juya shi zuwa Turanci, daga nan al'adar ta bi makarantun Ingila har ta ƙetare teku.

Dalilin saɓanin harsuna wajen kwaikwayon kukan dabbobi kuwa ba ɓoyayye ba ne ga mai lura. Kowace al'umma tana jin sauti ne da ma'aunin haruffanta, kamar yadda mai awo ba ya auna hatsi sai da mudun garinsu. Sifaniyanci wasula biyar gare shi, kalmominsa kuma ba su saba ƙarewa da harafin "f" ba, saboda haka bakin mai shi ya fi sakewa da "gwau" a kan "wuf". Inda sautin dabba ya dace da ma'aunin kowa kuwa, sai harsunan su haɗu: kyanwa "miyau" take cewa a wurinsu duka biyu, saniya kuma "mu".

Abin takaici, an daɗe ba a yi wa yara masu jin Sifaniyanci adalci ba. A shekara ta 1918 jihar Teksas ta kafa dokar da ta wajabta koyarwa da Turanci kaɗai, aka riƙa hukunta ɗalibai saboda sun furta harshen iyayensu ko da a filin wasa ne, har yaro ya zaci cewa abin da kakarsa ta koya masa tana goye da shi kuskure ne. Lyndon Johnson, wanda yana saurayi ya koyar da 'ya'yan talakawan Meziko a garin Cotulla a 1928, ya ga wannan hali da idonsa, kuma shi ne, bayan ya zama shugaban Amurka, ya sa hannu a dokar ilimi da harsuna biyu a 1968.

Saboda haka, ya kai malami mai koyar da baƙon harshe, idan ɗalibi ya kawo maka carar zakaransu, karɓe ta da mutunci kafin ka ba shi taka, domin Allah Maɗaukaki ya lissafa saɓanin harsunan mutane a cikin ayoyinsa a Suratur Rum. Yaron da aka girmama harshensa na fari, shi ne ke riƙe na biyu da kyau.