Ƙuri'ar da Aka Ƙwace da Alƙalami: Rohingya da Zaɓen Myanmar na 2015

Ranar 8 ga Nuwamba 2015 duniya ta yi ta guɗa saboda zaɓen Myanmar. Jam'iyyar NLD ta Aung San Suu Kyi ta yi gagarumin rinjaye bayan shekaru fiye da 50 sojoji suna juya ƙasar. A wannan rana dubban ɗaruruwan Musulmi 'yan ƙabilar Rohingya na jihar Rakhine suna zaune a gida, an cire sunayensu daga rajistar masu zaɓe. A ganina wannan cirewa ita ce ta buɗe ƙofar bala'in da ya auka musu shekara biyu bayan haka.

Abin ya samo asali ne daga dokar zama ɗan ƙasa ta 1982, zamanin Janar Ne Win, wadda ta ɗora cikakken 'yanci a kan ƙabilun da aka ce suna ƙasar kafin 1823. Jerin ƙabilu 135 da hukuma ta amince da su bai haɗa da Rohingya ba. Duk da haka sun yi zaɓe a 1990, sun kuma yi a 2010 da wani katin wucin gadi da ake kira farin kati. A 2010 ɗin 'yan Rohingya uku suka shiga majalisar tarayya a ƙarƙashin USDP, jam'iyyar da sojoji ke mara wa baya. Ba don ƙauna aka neme su ba. Jam'iyyar tana buƙatar ƙuri'unsu don ta karya lagon 'yan kishin Rakhine. Amma siyasa ta gaji haka. Wanda yake da ƙuri'a, dole a zo ƙofarsa a yi sallama.

A Fabrairun 2015, bayan zanga-zangar limaman Buda masu tsattsauran ra'ayi, Shugaba Thein Sein ya sanar cewa farin kati zai daina aiki ranar 31 ga Maris, aka kuma umarci masu shi su mayar wa hukuma. Ba a harba ko harsashi ɗaya ba. Shwe Maung, ɗan majalisa mai ci daga Buthidaung, ya nemi sake tsayawa, hukumar zaɓe ta ce iyayensa ba 'yan ƙasa ba ne lokacin da aka haife shi, alhali mahaifinsa ɗan sanda ne na wannan ƙasa. NLD kuwa, don gudun ɓacin ran mabiya Buda masu rinjaye, ba ta tsayar da Musulmi ko ɗaya ba. Majalisar da aka rantsar babu Musulmi a cikinta.

Masu kare Suu Kyi sukan ce sojoji ne suka rubuta tsarin mulkin 2008, su ne kuma ke riƙe da kashi 25 cikin ɗari na kujerun majalisa da ma'aikatun tsaro, don haka a lokacin hannunta a ɗaure yake. Akwai gaskiya a ciki. Sai dai zaɓen 'yan takara na jam'iyyarta ne, kuma ta yi lissafi ta ga mutanen da ba su da ƙuri'a ba abin da za su ƙara mata, ba kuma abin da za su rage.

Daga Agustan 2017 sojoji suka far wa arewacin Rakhine, suna ƙone ƙauyuka. Fiye da mutum 700,000 suka tsere zuwa Bangladesh, suka cika sansanonin Cox's Bazar. Babu ɗan Rohingya a majalisa da zai miƙe ya ce garinsa ne ake ƙonewa. Sai Gambiya, ƙaramar ƙasa daga Yammacin Afirka, ta kai ƙarar Myanmar Kotun Duniya a Nuwamban 2019, Suu Kyi da kanta ta je kotun a birnin Hague ta kare ƙasarta a Disamba. Da zaɓen 2020 ya zo, aka sake barin mafi yawan Rohingya a wajen rajista, NLD ta ƙara yawan kujerunta.